Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu tsara manhajojin kuɗi a Ghana: ku gyara akwatin da ke tambayarmu

Zuwa ga shugabannin kamfanonin sadarwa, da na bankuna, da injiniyoyin da ke haɗa manhajojin waya a Ghana.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Ni mai rumfar momo ne, wato turawa da cire kuɗi ta waya, a Aboabo, cikin Kumasi, ina kuma taɓa gyaran waya idan kasuwa ta yi sanyi. Na rubuto da yawun abokan sana'ata na Aboabo da Asawase da Sawaba, da yawun mutanen da suke miƙo mana wayoyinsu suna cewa, "Ɗana, duba mini, me take faɗa?" Masu sayar da goro ne, da mahauta, da mata masu waakye da koko, da ƴan mata masu dakon kaya a kasuwar Kejetia, da tsofaffin da ƴaƴansu ke turo wa kuɗin cefane daga Accra ko daga Turai. Yawancinsu ba za su karanta wannan wasiƙa ba, sai dai a karanta musu.

Da aka soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, a watan Afrilun 2025, wanda aka fara karɓa a Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari kafin a rage shi zuwa kashi 1, mutane da dama a unguwarmu da suka koma ƙulle kuɗi a bakin zani sun dawo wa momo. Mun yi murna, domin cinikinmu ke nan. Amma sun dawo sun tarar da abin da suka bari, wato ɗan akwatin nan da ke tasowa a fuskar waya ya tare mutum, ya ƙi gushewa sai an danna wani abu. An gyara haraji, an sake rajistar layuka da katin ɗan ƙasa na Ghana Card, an sake wa manhajoji fenti, shi kuwa akwatin ba wanda ya waiwaye shi. A wurinku layi biyu ne na rubutu da madanni biyu. A wurinmu nan ne kuɗi ke fita ko ya tsira.

Bari in fara da yabo, don kada a ce ban san alheri ba. Wanda ya kawo shawarar a riƙa nuna sunan mai karɓa kafin a sa lambar sirri, Allah ya saka masa. Ba na iya ƙirga kuɗin da wannan layi ɗaya ya ceto a rumfata. Mutum ya kira mini lamba daga ka, in buga, suna ya fito, in karanta masa, ya ce "A'a, wannan ba ƙanina ba ne," mu gyara lamba ɗaya a wuce wurin. Tun da aka haɗa layukan kamfanoni daban-daban a 2018, har ake iya turawa daga wannan zuwa wancan, amfanin sunan ya ƙaru. Wannan akwati yana da daɗin mu'amala saboda yana gaya wa mutum abin da bai sani ba, a daidai lokacin da yake buƙatarsa. Da sauran sun bi sahunsa, da ban ɗauki alƙalami ba.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne akwatin neman amincewa ba ya faɗa ƙarara cewa kuɗi zai FITA. Kun san yadda ƴan damfara suke yi. Su kira tsohuwa su ce an turo mata kuɗi, ko ta ci kyauta, ko sun yi kuskuren tura mata kuɗin maganin yaronsu, za ta ga saƙo yanzu, ta sa lambarta ta sirri don kuɗin ya shiga. Sai su tayar da buƙatar cire kuɗi daga can. Akwati ya taso a wayarta da Turanci mai tsawo, an cusa lambobin shaida da sunan wani shago a ciki, a ƙarshe an ce ta sa lamba. Kamarsa ɗaya da akwatin duba ragowar kuɗi, ɗaya da na sayen kati. Wata hajiya mai sayar da albasa ta zo mini da irin wannan, kuɗin sarin mako ya tafi. Ta ce, "Ai ce mini aka yi in sa lamba, kullum ma cewa ake yi in sa lamba." Gaskiya ta faɗa. Kuna ta sanarwa a rediyo cewa kada a ba kowa lambar sirri, kuma hajiyar ba ta ba kowa ba, wayarta ta ba. Sanarwar da ya kamata ta ji tana cikin akwatin ne ya kamata a rubuta ta: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri, wannan kuɗinki ne zai fita.

Na biyu, adadin kuɗi. A watan Yulin 2007 aka sauya kuɗin ƙasar nan, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya. Shekaru sun shuɗe, amma ku shiga kasuwar goro ku saurari dattawa. Har gobe wanda ya ce "miliyan biyar" sidi 500 yake nufi, wanda ya ce "miliyan hamsin" kuma 5,000. Mai irin wannan lissafi yana juya sifili huɗu a kansa duk lokacin da ya kalli waya. Sai ku nuna masa 5000.00, ba waƙafi, sifilan pesewa sun manne da na sidi, da ƙananan baƙaƙe, a kan fuskar wayar da ta tsage, a tsakiyar rana. Sifili ɗaya ya ƙaru, kuɗin haya ya tafi gun wanda yake bin sa bashin ɗinki. Dillalin goro ba ya rufe huhu sai ya ƙirga a gaban mai saye da mai sayarwa, da babbar murya, ƙwarya bayan ƙwarya, kowa ya ji. Abin da muke nema daga akwatin ke nan.

Kada ku ɗauka rashin boko ne kawai ke jawo wannan. A watan Agustan 2020 ma'aikatan Citibank a Amurka sun tashi biyan kuɗin ruwa na kimanin dala miliyan 7.8 a kan bashin kamfanin Revlon, sai suka tura kusan dala miliyan 900. Mutum uku ne suka duba kafin a aika. Manhajar ta fito da gargaɗi cewa kuɗi zai fita daga banki, ko a ci gaba? Amma ba ta faɗi nawa ba. Sai da aka yi shekara biyu ana shari'a. Idan ƙwararrun ma'aikatan banki uku sun faɗa wannan rami, ban ga laifin mai sayar da tsire ba. Tambayar "Ka tabbata?" da ba ta zo da suna da adadi ba, ba ta kare kowa. Amfaninta ɗaya, idan abu ya ɓaci a ce wa mutum, ai kai ka danna.

Na uku, akwatunan sun yi yawa har ido ya daina ganinsu. Mutum ya buɗe manhaja don ya biya kuɗin wuta. Akwati ya taso yana tallar bashi. Ya rufe. Wani ya taso yana cewa a sabunta. Ya rufe. Wani yana roƙon a ba manhajar taurari biyar. Wani yana neman izinin turo sanarwa. Kafin ya kai ga akwati na biyar, wanda shi kaɗai ne ya shafi kuɗinsa, yatsansa ya riga ya saba, sai ya danna ba tare da ya karanta ba. Ku ne kuka koya masa wannan ɗabi'a, ɗan damfara ya zo ya ci gajiyarta. Ba sabon darasi ba ne a sana'arku. Lokacin da Windows Vista ta fito a 2007 tana tsayar da mutane da neman izini a kan ƙaramin abu da babba, jama'a suka koma danna "eh" ido rufe, wasu suka kashe tsarin gaba ɗaya. Da Windows 7 ta zo a 2009, Microsoft da kansa ya rage tambayoyin. Ƴan'uwanku sun gano wannan tun kafin momo ya kama ƙasa a Ghana, don a 2009 ɗin aka fara shi.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan muni, domin shi da gangan aka gina shi. Madannin "na yarda" ƙato, mai launi, a tsakiya. Na "ban yarda ba" ɗan rubutu fari-fari a lungu, wani lokaci ma babu shi, sai "daga baya", gobe kuma ya sake tasowa. Da irin wannan manhajojin bashi suka kwashe lambobin mutane da hotunansu. Akwatin ya ce a ba da izinin ganin lambobin da ke cikin waya, yaro mai neman sidi 200 ya danna, bai san cewa ranar da ya makara da biya za a tura wa surukarsa da limamin masallacinsu saƙon zagi ba. Na ga magidanci da ya daina fitowa sallar jam'i na wani lokaci saboda wannan kunya. Babban Bankin Ghana ya fitar da jerin irin waɗannan manhajoji marasa lasisi a 2023 yana gargaɗin jama'a, Google ma a shekarar ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane. Madalla. Amma salon ɓoye ƙofar ƙin yarda bai tafi tare da su ba, har manhajoji masu lasisi suna yi. A Faransa, a farkon 2022, hukumar kare bayanan jama'a ta ci tarar Google yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, saboda amincewa dannawa ɗaya ce, ƙin amincewa kuwa sai an sha zagaye. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2012, kuma ita ma maganar amincewar mai bayani take yi. Amincewar da aka samu ta hanyar ɓoye ɗaya ƙofar, ban san da wane suna za a kira ta ba.

Na huɗu ba zan daɗe a kansa ba. Ku daidaita wurin madannai. A kwamfutocin Windows "OK" yana hagu, a na Apple yana dama, Android ma ta mayar da shi dama tun 2011. Wannan rigimar manya ce, ba mu da ta cewa. Amma a nan gida, wani tsarin ya ce danna 1 don amincewa, 2 don fasawa, wani ya juya, wani kuma 0 ne komawa baya a shafi ɗaya, a shafi na gaba ya zama #. Wanda ba ya karatu da wuri yake haddacewa, ba da kalma ba. Kun matsar da madanni, kun matsar masa da hanya. Akwai kuma akwatin da idan mutum ya nemi soke ciniki sai ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ba shi "OK" da "Cancel". Wanne ne ke sokewa? Ni da nake wannan aiki kullum sai na tsaya na yi tunani.

Na biyar shi ne wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya mu masu rumfa: saƙon da ke fitowa idan abu ya lalace. Mutum ya sa lambar sirri, waya ta yi ta juyawa, sai akwati ya fito ya ce an samu matsala, a sake gwadawa. Ko kuma wannan sananne mai maganar "MMI", wanda ban taɓa haɗuwa da mai ciniki ɗaya da ya san ma'anarsa ba. Tambaya ɗaya ce a zuciyar kowa a wannan lokaci: kuɗin ya fita ko bai fita ba? Akwatin bai amsa ba. Sai mutum ya bi umarninsa ya sake, bayan minti goma saƙo biyu su shigo, an cire sau biyu. Ko ya ƙi sakewa, ya tafi gida da zaton ya biya, washegari mai kaya ya tare shi a hanya. A rumfa kuwa ga yadda abin yake kasancewa: an cire a wayar mai ciniki, bai shigo tawa ba. Yana tsaye yana jiran takardun kuɗinsa, motar Tamale tana shirin tashi, mutane sun fara taruwa. In ba shi, wataƙila kuɗin ya koma masa anjima, ni na yi asara. In hana shi, na zama ɓarawo a unguwar da aka haife ni. Injiniyan da ya rubuta "an samu matsala" yana ofis mai sanyi, ni ne nake rantsuwa a bakin titi. Abokan sana'ata da yawa sun yi faɗa da maƙwabtan da suka yi shekaru suna gaisawa a kan jimlar da ba a ƙarasa rubutawa ba.

Ga kuma gajeren lokaci. Tsarin lambobin da ake bugawa da tauraro yana yankewa idan an jinkirta. Baba mai shekara saba'in sai ya nemo tabarau, ya karanta a hankali, ya nemo lambar da ya rubuta a bayan katin asibiti. Kafin ya gama an yanke, ya koma farko. Bayan yankewa biyu sai ya miƙa wa yaron da ke kusa wayar, ya faɗa masa lambar sirrin da babbar murya. Tsarin da ke hukunta mai karantawa a natse, shi ke tura mutane ga abin da kuke hana su.

Sai harshe. Na san Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a makarantu, amma gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita, kuma ita ce harshen ciniki a zangunan ƙasar nan, daga Nima har Bawku. Badagombe da Bamoshe da Bazabarme da ita suke ciniki a Aboabo. Na kuma san uzurinku na fasaha: shafi ɗaya na tsarin lambobin tauraron nan ba ya ɗaukar fiye da baƙaƙe 182, idan kuma aka sa haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ sai wurin ya ragu da fiye da rabi. To ku rubuta ba lanƙwasa, za mu gane, haka muke rubuta wa juna saƙo. Sai dai fassara kaɗai ba ta isa ba. Da yawa daga cikin iyayenmu da allo suka yi karatu, suna karanta Larabci da ajami, boko ne ba sa yi, ko da Hausa aka rubuta shi. Waɗannan murya suke buƙata. Mutanen da suke aika saƙon murya a WhatsApp safe da yamma ba za su kasa sauraron jimla ɗaya kafin kuɗinsu ya fita ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Akwatin da kuɗi zai fita ta cikinsa ya bambanta da kowane akwati, a launi a manhaja, a kalmar farko a ƙaramar waya. Ya fara da cewa kuɗi zai fita, sannan nawa, sannan zuwa ga wa, sannan ladan da za a cire, kafin duk wata lambar shaida. A sa waƙafi a adadi, a cire sifilan pesewa idan babu pesewa. Idan buƙatar daga wani ta taso ba daga mai wayar ba, a faɗa masa haka, a ƙara da cewa karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri.

A rubuta aikin a jikin madanni. "Tura sidi 500" da "Kada a tura" sun fi "OK" da "Cancel", kuma ko mutum bai karanta saman akwatin ba, ya karanta abin da yatsansa zai taɓa. Girman na ƙi ya kai na yarda.

A fitar da talla daga hanyar biyan kuɗi. Ku ajiye ta a inda mai so zai je ya duba. Wanda ya ce ba ya so sau ɗaya, a ƙyale shi.

Kowane saƙon matsala ya amsa tambayar nan: an cire ko ba a cire ba. Idan tsarin bai sani ba tukuna, ya faɗi haka, ya ce kada a sake turawa, ya faɗi lokacin da za a sani. Saƙo iri ɗaya ya zo wa mai rumfa da mai ciniki, don mu kalli abu ɗaya mu daina musu.

Ku duba yiwuwar ɗan jinkiri ga mai so. Gmail yana ba mai aika wasiƙa daƙiƙa 5 zuwa 30 ya janye ta bayan ya danna. Na san kuɗi ba wasiƙa ba ne, kuma mai shago ba zai so a janye bayan ya miƙa kaya ba. Amma idan babban kuɗi ne, zuwa lambar da mai wayar bai taɓa tura wa ba, riƙe shi na rabin minti kafin ya tafi, da madannin fasawa a buɗe, ba zai tsayar da kasuwa ba. Yawancin masu kuskure a cikin daƙiƙun farko suke cewa "Innalillahi."

A ƙara wa dattawa lokaci, a kuma sa zaɓin harshe da na murya, Hausa da Twi da Dagbani da sauransu, a zaɓa sau ɗaya ya zauna.

Ga Babban Bankin Ghana, wanda Dokar Tsarin Biyan Kuɗi ta 2019 ta ba ikon ba da lasisi da sa ido a kan wannan harka, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, da Hukumar Kare Bayanai: muna roƙon ku fitar da ƙa'ida ɗaya a kan abin da dole akwatin amincewa ya ƙunsa da jerin da zai bi, kowane kamfani ya yi aiki da ita. Muddin an bar wa kowa ya tsara nasa, mai ciniki da layi biyu da asusun banki ɗaya zai ci gaba da haddace hanya uku.

Roƙo na ƙarshe ba ya buƙatar kasafi. Kafin ku saki sabon tsari, ku turo waɗanda suka rubuta kalmomin, ba ƴan talla ba, su zauna a rumfunanmu yini ɗaya. Su zo da ƙaramar waya mai madannai irin wadda mutanenmu suke riƙewa, su miƙa wa mai sayar da koko, su yi shiru su ga inda za ta tsaya. Mun yi magana a tsakaninmu, akwai masu rumfa a Aboabo da Asawase da suka yarda su ba da benci su kuma yi tafinta. Ƙarshen wata ya fi, lokacin da albashi ya shigo kuma layi ya yi tsawo.

Wassalam.

Naku,
Mai rumfar momo, Aboabo, Kumasi,
a madadin abokan sana'arsa da masu cinikinsu.